Masarar da Muka Ɓoye a Ƙuryar Ɗaki

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, yau ga nawa, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Lokacin da abin ya faru ni matar manomi ce a wani ƙauye tsakanin Sabuwa da Faskari, da 'ya'ya uku, ƙaramarsu mace, ban daɗe da yaye ta ba. Mace ce ni mai ji da tsafta, har maƙwabta na yi mini tsiya wai ko tsakuwa ce ta shigo gidana sai na yi mata wanka. A wajenmu ba a gaggawar kai masara gida. Ana barin ta ta bushe a jikin kara, in an karyo a shanya ta a fili har sai ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, sannan ta shiga rumbu. Haka na tashi na ga ana yi.

A shekarar nan mutanen daji suka hana mu. Suna kwashe amfanin gona, suna ɗauke mutane a bakin aiki. Maigidana ya karyo tamu da sauran ɗanyenta, ruwa ma bai gama ɗaukewa ba, ya kwaso ta a gurguje. Na ce mu baza ta a tsakar gida, ya ce ba zai yiwu ba, akwai masu kai musu rahoto a cikinmu, duk gidan da aka ga shanya an san akwai abinci, kuma rumbu suke fara fasawa. Gaskiyarsa ce, mun ga an yi wa wasu. Sai muka ɓare ta, muka ɗura a buhuna, muka jibge a ƙuryar ɗakina, muka lulluɓe da leda da tsofaffin tabarmi.

Ba a jima ba ɗakin ya ɗauki wani irin wari, kamar na rigar da aka ninke ba ta bushe ba. Na cusa hannu a buhu na ji ɗumi. Da na ɗebo, sai ga ƙwayoyi sun manne da juna, wata hunhuna kore-kore ta bi su, wasu sun yi baƙi. Amma ina za mu kai ta? Waje ba dama, kasuwa hanya ba ta biyuwa, kuma ita kaɗai ce abincinmu har wata damina. Sai na kama abin da na iya. Na tsince, na surfa, na wanke har ruwa ya fita fari tas, na ce sauran kuma wuta ta gama da shi. Dusar da tsintar na watsa wa kaji. Da suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na ce ai ciwon kaji ne yake yawo.

Autata ba ta son komai sai koko. Saboda tausayin yaye nake dama mata na masarar nan safe da yamma, in zauna in ba ta da hannuna, in ta shanye in yi murna. Sai ta fara amai, ta daina wasa, idanunta suka yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Uwar mijina ta ce shawara ce, muka yi ta jiƙe-jiƙe. Da muka ga abin ya fi ƙarfinmu muka nemi fita, babu mai babur da ya yarda ya bi hanyar. Ina goye da ita ina jin numfashinta a bayana, ba gaba ba baya, sai da aka samu rakiyar jami'an tsaro ranar kasuwa muka isa asibiti.

Likitan ya duba ta, ya ce hantarta ta taɓu sosai, ya tambaye ni abin da take ci. Na faɗa masa, har da kajin. Sannan ya ce irin wannan hunhunar tana barin guba a cikin ƙwayar kanta, wanki ba ya fitar da ita, dahuwa ba ta kashe ta, ko ƙwayar da ido ya ga lafiya lau tana iya ɗauke da ita, kuma ƙananan yara ta fi kayarwa. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Allah Ya karɓi abarSa a hannuna.

Ranar sadakar uku, mata suka zo ɗibar hatsin da za a yi tuwon sadaka, kamar yadda aka saba. Babu wani hatsi a gidan sai wannan. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin na ce ba mai taɓa ko ƙwaya ɗaya. Inna, uwar mijina, ta ce kar in kunyata ɗanta a idon mutane, wasu suka ce baƙin ciki ya taɓa mini kai, wata ma na ji ta ce rowa ce. Ga tsakar gida cike da yaran mutane suna jiran tuwo. Ban tashi ba har suka watse. Bayan nan ni da maigidana muka haƙa rami a bayan gida muka binne noman shekara guda, muka kwashi yaran biyu muka koma wurin yayana a Faskari.

Na san kwananta ne ya ƙare, amma har yau in na ga ana dama koko sai in bar wurin. Abin da na koya shi ne tsafta ba ta gyara hatsin da ya riga ya lalace. 'Yan'uwana mata, da manoman da tsoro ke sa su girbi da wuri, ku nemi yadda za ku busar da masara ko a kan rufi ne, ko kaɗan-kaɗan, kada ku rufe ta da danshi. In ta yi hunhuna kada ku ba yaro, kada ku ba dabba, kada ku kai kasuwa wata uwar ta saya. Yunwar da na guje wa 'yata, yayyenta sun sha ta, kuma ga su nan suna zuwa makaranta.