Aljanin da Ke Son Warin Fetur

Uwar mijina Babarbariya ce. Kakanninta sun zo Fagge fatauci suka manta hanyar gida, amma ba su manta turare ba. Sana'arta ke nan, turaren wuta da humra, kuma a wurinta macen da ɗakinta ba ya ƙamshi ba ta gama zama mutum ba. Kasko uku take kunnawa kowace safiya. Ko kajin gidanmu ka ɗaga fiffikensu ƙamshi za ka ji.

Shekarata huɗu a gidan ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Hajiya ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai dai in wata ta shigo da goyo, takan karɓe shi ta daɗe tana riƙe da shi, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sha rubutu, na sha saiwa, har na gaji. Ƙirga kwanaki ma na daina, don na gaji da sa rai.

A shekarar da kuɗi suka yi ambaliya a gari, kowa yana tafiya Makka yana dawowa da haƙori, mijina da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari ya sayo babur sabo fil. A zaure yake ajiye shi, kuma ya fi duba lafiyarsa fiye da tawa.

Wata safiya Hajiya ta zuba turare a kasko, hayaƙin ya biyo ni madafa, sai cikina ya juya. Da ƙyar na kai makwarara. Kashegari haka, jibi ma haka. Humrar da ta haɗa mini da hannunta na tura can ƙarƙashin gado. Ga barci kamar kasa, ina tankaɗen gari ina gyangyaɗi. Ga miyau yana tarar mini a baki. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne babur. Da zarar mijina ya shiga wanka sai in lallaɓa zaure, in buɗe murfin tanki in shaƙa, in ji duniya ta yi mini daɗi. Ran da aka aike ni Kasuwar Sabon Gari sayen itacen turare, sai da na ɓata rabin sa'a a mahaɗar Bata, tsaye a bayan wata motar haya, ina shan hayaƙi kamar wadda aka biya.

Matar da na sayi itacen a wurinta Bayarabiya ce, tsohuwar abokiyar cinikin Hajiya. Ta ga na toshe hanci da mayafi, ta dube ni sama da ƙasa, ta kwashe da dariya har da tafi. "Amariya, sannu o! Ki gaida Alhaja, ki ce na yi mata murna." Na ɗauka murnar ciniki take nufi. Wauta dai ba ta da magani.

Ni lissafina daban ne. Tun ina yarinya nake jin cewa wanda ƙamshi ke tayar wa hankali, iska ce a jikinsa. To ga ni, ina gudun turare ina bin fetur. Na yanke cewa aljani ne ya shige ni, kuma ɗan zamani, wataƙila direba. Abin dariya ne yanzu, amma a lokacin kuka nake yi a ɓoye. Ba haihuwa, ga iska, ga amai a kan sana'ar uwar miji. Wace uwa ce za ta bar wa ɗanta irin wannan mata?

Da na ga ɓoyon ya gagara, na sami Hajiya da hantsi tana daka kayan haɗi. Na durƙusa nesa da turmin, na faɗa mata komai, har da tankin. Na ce in gida za ta mayar da ni a yi mini magani, ba zan ga laifinta ba.

Ba ta daina dakan ba. "Aljanin naki dai mai ibada ne," in ji ta. "Yau kwana hamsin da biyu ba ki yi fashin salla ba."

Na buɗe baki na kasa rufewa. Kunya ta kama ni, na ja mayafi na rufe fuska, ina ƙirgawa da yatsu a ciki. Daidai ta faɗa.

"Hajiya, ya aka yi kika sani?"

"Butarki. Kullum ina ganinta a jiƙe." Ta ajiye taɓarya, ta ɗebi ruwa ta kashe kaskon da ke gefenta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. "Kuma ki rabu da tankin yaron nan, kada ki haifa mana kwandasta."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Na ce ai da ta gaya mini tun tuni, da ban sha wannan wahala ba.

"Tsoro nake ji, 'yar nan," ta ce a hankali. "Shekara huɗu ina duba butar nan. Duk wata sai in wayi gari in same ta a bushe."