Toshi da Shekaruna na Fasfo

Kalma ɗaya tak na iya a Japananci, ita ce toshi. Na koye ta a London ina dariya, ban san abin da za ta tono mini ba.

Mun je can ne lokacin da kuɗin fetur ya yi wa gwamnati yawa, tana ta kwasar mutane tana turawa karatu waje. Maigidana likita ne, aka tura shi ƙaro ilimi a wani babban asibiti a Camberwell. Ni kuwa na gama sakandare, na yi aikin taimako a ɗakin haihuwa a Kano, kuma ba abin da nake so a duniya irin in zama cikakkiyar ungozoma mai takarda. Da za mu tafi, a gaban mahaifina ya yi alkawarin da mun sauka zai sa ni a makarantar ungozomomi ta asibitin. Da kunnena na ji.

Shekarar farko ya ce in bari in saba da sanyi. Ta biyu ya ce ƙaramar 'yarmu ta yi ƙanƙanta. Ni ma na ga gaskiyarsa, na haƙura. Duk lokacin da na tayar da zancen sai ya yi murmushi ya ce, "Haba, saurin me kike? Baɗi in Allah ya kai mu." Daga baya ya ce Turancina na son gyara, ya sa ni ajin da hukumar unguwa ke yi wa matan baƙi da rana.

A ajin nan na haɗu da wata 'yar Japan, mijinta ma'aikacin banki. 'Yar ƙarama ce, ba ta da hayaniya, ni kuwa bakina ba ya hutawa, amma jininmu ya haɗu. In an tashi sai mu wuce gidanta mu sha shayi kafin lokacin ɗauko yara. Muka ƙirƙiro wasa: in ba ta kalmar Hausa, ta ba ni tasu. Tata ƙwaƙwalwar kamar maganaɗisu. Ni duk abin da ta ba ni, kafin in kai bakin titi ya zube.

Wata rana cikin Disamba, shekararmu ta huɗu a garin, na ba ta "shekara". Ta ce su toshi suke cewa, ta zana mini ita a bayan ambulan. Da ita suke faɗin shekarar da ake ciki, da ita suke faɗin tsufan mutum. Na ce ashe 'yan'uwa ne mu, mu ma haka muke yi. Sai ta ba ni labarin kakarta, wadda ba ruwanta da ranar haihuwar kowa. A lissafin mutanen da, in ji ta, jariri na faɗowa yana da shekara ɗaya, kuma ranar sabuwar shekara kowa da kowa ke ƙara ɗaya, tsoho da yaro a tare.

Na fashe da dariya har na kusa ƙwarewa da shayi. Na ce ai ni ma 'yar Japan ce ban sani ba! A gidanmu ba wanda ya rubuta ranar da aka haife ni. Innata dai ta ce da damina ne, gero ya fara fitar da kai. Da za a yi mini fasfo, mai cike takarda ya kalle ni sama da ƙasa, ya rubuta ɗaya ga Janairu.

Ƙawar tawa ta tambaye ni, to toshi nawa zan cika a wannan Janairun? Na ce talatin, a takarda. Sai na ga ta ajiye kofinta. Ta san burina, don na ishe ta da zancensa. Ta ce, a hankali, ƙanwar mijinta ta taɓa neman irin wannan makaranta, kuma akwai iyakar shekaru. Na duba kuwa?

Ban duba ba. Me zan duba, mijina yana aiki a wurin?

Da ya dawo da yamma ban bari ya cire kwat ba. Na ce, "Likita, wai akwai iyakar shekaru a makarantar nan?" Ya ɗan tsaya, ya ce shi bai taɓa ji ba, wa ke cika mini kunne da maganar banza? Ya ce in kwantar da hankalina, a shiga sabuwar shekara zai bincika. Ku ji wauta irin tawa, sai na ji sanyi a raina. Har na ƙara masa nama.

Amma abin ya ƙi barina. Washegari da na kai yara makaranta, na ɗauki fasfona na tafi asibitin da ƙafata, karo na farko ba tare da shi ba. Na yi ta tambaya har aka nuna mini ofishin makarantar a saman bene. Wata Baturiya ce dattijuwa mai gilashi. Ta buɗe fasfon, ta duba, ta ce ta yi mini baƙin ciki ƙwarai. Dokarsu ita ce kada ɗaliba ta cika talatin ranar da za ta fara. Ɗauka ta gaba sai Maris. Da a ce na zo a Satumban da ya wuce, da sun karɓe ni.

Na ce mata takardar ƙarya ce, da damina aka haife ni, watakila ma ban kai ba. Ta ce ta yarda da ni, amma fasfo suke bi. Sai ta sake duba sunan, fuskarta ta saki. Ta ce ai ta san mijina! Shekara biyu da suka wuce ya zo nan da kansa, ya zauna a kujerar da nake kai. Ya tambayi iyakar shekarun, ya tambaya ko ana ɗaga wa wani ƙafa in ya wuce. Ta ce masa ba a yi. Ta ba shi fom, ta ce ya gaggauta. Ta ce mutumin kirki ne, har godiya ya yi mata sau biyu.

Innalillahi. Ban san yadda na sauko daga benen nan ba. Da ya fito fili ya ce bai yarda ba, da mun yi rigima, da na kai ƙara gida, da an san yadda aka yi. Amma ya zauna yana ƙirga mini shekaru a ransa, yana cin tuwon da na tuƙa, yana jiran lokaci ya yi masa aikin da ya ji kunyar yi da bakinsa. Wannan cin amana ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Da na faɗa masa inda na je, bai musa ba. Ya ce, "To da kin tafi, wa zai riƙe gidan?"

Mun daɗe tare bayan nan. Na haifa masa wasu biyu, na yi jinyarsa da ya tsufa, na yafe masa abubuwa da yawa. Ana saura kwana kaɗan ya rasu ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa duk abin da ya yi mini. 'Ya'yanmu na tsaye a kanmu, sai na ce na yafe. Allah ya sani, wannan ɗin ba ya ciki.