Jirgin Yaƙin Kawu Barau

Ranar da Kawu Barau ya miƙa wa Ardo Shitu tsohon kwalekwalensa, kowa sabon fenti yake kallo. Ni na lura Ardo bai ko taɓa filafilin ba. Sandarsa ya zura ciki yana auna zurfi.

Kawu ƙanen Innata ne, mai fito a gulbin da ke kusa da Adabka. Abu biyu yake ji da su, rediyonsa da gonar albasarsa da ke ƙetare, dab da rugar Ardo. Kowace shekara sai shanu sun tattake masa ita.

A rediyon ya ji cewa manyan ƙasashe kan ba ƙawayensu tsofaffin jiragen yaƙi, su rabu da wahalar gyara, ƙawayen kuma su tsare musu teku. Ya kwana biyu da yin sabon jirgi, tsohon na yashe yana yoyo.

Ya ce wa Inna, "Wagga ita ad dabara. In ba Ardo jirgi, shi riƙa sintiri, kunya ta hana shanunai shiga gonata."

Inna ta ce, "Barau, ka taɓa ganin Ardo cikin ruwan da ya wuce gwiwa?"

Bai saurare ta ba. Aka yi biki har da goro.

Washegari Ardo ya sa bijimai suka ja jirgin tudu, daidai bakin gonar, ya cika shi da ruwan kanwa. Labari ya zaga rugage. Shanun da ba su taɓa sanin hanyar albasar Kawu ba suka san ta.

Kawu ya ƙetara yana huci. "Ardo, sintiri nic ce, ba walima ba!"

"Kaɗo, kai ka ba ni, ko aro ne? Jirginka ma yoyo yake, kanwata na zuba. Haka ake kyauta?"

Suka daɗe suna ja. Daga ƙarshe Ardo ya yarda a janye jirgin can bayan ruga, nesa da gona, muddin Kawu zai riƙa zuwa yana toshe shi duk sanda ya ɓule.

Albasar bana ta tsira. Da na je gaishe da Kawu ranar Laraba, ban same shi a mashayar jirgi ba. Yana bayan ruga a tsugune, yana cusa tsumma da kwalta a gindin jirgi, wata saniya na lasar masa hula.