Ƙwayar Inna 'Yar Rawaya

Shekarun baya can, lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ina sabon malamin firamare a Bukkuyum, mahaifina ya rasu. Inna ta daina barci. Na kai ta asibiti a Gummi, likita ya rubuta mata wata 'yar ƙwaya rawaya ta kwantar da hankali, ya ce ta sha na sati biyu.

Sati biyun nan sai da ya zama shekara biyu, don in ta ƙare kemis kawai nake zuwa in sayo. Inna ta yi sanyi. Takan zauna gindin darbejiya da faifai a cinya, idonta na bin gajimare, tsaki na zuba kaji na ci. In ka yi mata magana sai ta waigo a hankali tana murmushi, kamar daga tsallaken gulbi ka kira ta. Wani lokaci takan ce ta ji ƙarar keken Baba a zaure. Ni kuwa da ɗan karatun bokona har yabon kaina nake, wai na samo wa uwata lafiya.

Rannan mai kemis ya ce, "Malam, takarda ta zo daga gwamnati. Wanga magani ba a saida shi sai da rubutun likita."

Na ce, "Ni za ka tambaya takarda?"

Ya ce, "Ko kai ne. Ruhe man shago za a yi."

Na ari babur ɗin abokina har Anka, can ma amsar ɗaya. Na dawo ina ta mita, ni da gwamnati. Da ƙwayar ta ƙare, kwana uku hannun Inna na rawa, ga zufa, ko fura ba ta iya sha. Na tsorata na mayar da ita Gummi.

Wata dattijuwar nas ta dube ni ta ce, "Shekara biyu? Ɗan nan, wanga magani ba a daɗewa kanshi, kuma ba a yanke shi kwatsam." Likita ya tsara a riƙa ragewa, daga rabi zuwa kwata, duk wata mu koma ya gan ta. Inna da kanta take gutsure ƙwayar da reza.

Bayan wata biyar, da wani hantsi tana shanyar dawa, sai ta tsaya cak ta ce, "Ashe da gaske ubanku ya tahi." Ta zauna ta yi kuka mai yawa. Da ta gama ta wanke fuska, ta hau ni da faɗa kan rumbun da na bari yana yoyo. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Ta daɗe tare da mu bayan haka, har ta goyi 'ya'yana. In na tuna sai jikina ya yi sanyi. Da an bar ni da son raina, da na ci gaba da sayo mata ina ganin jinƙai ne, ta ƙare kwanakinta tana cikin gida amma ba ta tare da mu.