Kawu Ilu Ya Tafi Duba Ruwa

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Bunkure ya san ba ya zama a tsakiya. A masallaci ƙarshen sahu, a mota bakin ƙofa, butarsa a kusa. Ana cikin hira sai ya miƙe: "Bari in duba ruwa."

Da yake manomin rani ne, kowa ya ɗauka ruwan kanal ɗin ban-ruwa yake nufi. Har malamin gona ya kafa misali da shi a taro: "Ku yi koyi da Malam Ilu, sau goma yake leƙa ruwansa a wuni!" Kawu ya ce, "Sha biyu," ya tashi ya fita.

Ranar da muka tafi Zariya, sau uku yana tsayar da bas. Direba ya ce, "Baba, wai nan ma kana da gona?"

"Ja motarka, ɗan nan. Ba a tambayar mutum dukiyarsa."

Shekarar da wayar salula ta shigo Bunkure, ina aiki a gidan rediyo a Kano, matarsa ta kira ni ta tsegunta mini: fitsari ne yake matsa masa, ba ya iya riƙewa. Da ƙyar na kai shi asibiti. Aka zo ɗibar jini ya janye hannu.

"Ikon Allah! Ciwo a mara, ku kuna huda hannu?"

Likita ta ce jini kan nuna alamar kumburi a cikin jiki, wanda wani lokaci yake tafiya tare da irin wannan larura. Kawu ya juya hannunsa ya duba. "Kumburi? Ni da ko zobe bai matse ni ba?"

Da sakamako ya fito, na same shi a rumfar masu tumatir, cikin abokansa, har da surukinsa. Ni mai murya, sai na buɗe takarda na fassara ta tiryan-tiryan, kamar ina karanta labarai. Ina gamawa wani ya ce, "Au! Ashe ruwan ke nan!" Aka fashe da dariya.

Kawu ya dube ni. "Sannu, Bala. Saura labarin wasanni."

Ya sha magani ya samu sauƙi, amma bai ƙara zama a rumfar nan ba har ya rasu. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni ba shi haƙuri.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya lulluɓe shi da suturar da na kasa yi masa. Ni kuma Ya yafe mini.