Na Allah da Faifan da Muka Kai Inuwa

Idan Baba Na Allah ya sallame sallar asuba, kafin ya waiwayi gona ko awaki, sai ya ɗauki tsumma da buta ya nufi bayan gari. Can a wani fili fetal akwai ginshiƙin siminti da ya kai ƙirjin mutum, an ɗora masa farin ƙarfe mai kama da faifai, da akwatin na'ura a gefensa. Zai goge allon da ke zuƙo wuta daga rana, ya leƙa ko koriyar fitilar akwatin tana ƙiftawa, ya kori akuyar da ta zo susa, sannan ya kama harkarsa. Shekara ashirin yana haka a Garin Dikko, cikin ƙasar Kona. Bana idonsa ya gaza, ya ajiye tsumman.

Masu binciken ƙasa da sararin sama ne suka kafa abin a 2004, tare da 'yan'uwansa da suka warwatsa daga Tasawa har Mayahi. Suka damƙa wa Na Allah makullin akwatin don filin gonarsa ne. Ni ina diraktan lakwal na garin, wato shugaban makarantar boko da kowa ke kira Mushe, da takardata da taƙamata, amma shi da bai taɓa zama aji ba ne ya fahimtar da ni.

"Mushe, wanga abu saurare shika yi," in ji shi. "Taurarin da mutane suka harba sama suna aiko mishi da saƙo. In iska ta sha ruwa, saƙon sai ya makara kaɗan. In damina ta danne ƙasa da nauyi, shi ka hwaɗi, ko da ƙwarar gero ce ta nutse. Sharaɗi biyu ne kawai: ya ga sama duka, kuma kada ya motsa."

Na yi dariya na ce to Allah ya ba da sa'a. Na ji sharaɗin da kunnena, wannan ba zan musa ba.

Mutanen gari sun shaida masa. Ɗan Azumi mahauci ya gan shi ya sare tsiron gawo da ya fito kusa da ginshiƙin, a garin da ake kiwon gawo kamar ɗa. Khadija mai ƙosai ta gan shi a guguwar farkon damina ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe akwatin. Kai ne mai gadin abin da ba ya cewa sannu, Na Allah, kuma ba ka taɓa jiran ya ce ba.

Sai shekarar 2010. Daminar da ta wuce ta yi gardama, rumbuna sun bushe tun kafin bazara, soji kuma sun karɓi mulki a Yamai. A cikin wannan hali Furera matar Na Allah ta kwanta, ya kai ta likita Maraɗi. Kwana tara ya yi. Zai tafi ya ce mini, "Mushe, ga amana nan, ka riƙa leƙawa."

Na leƙa kuwa, har na wuce gona da iri. Garken shanu masu gudun fari suna ta kwararowa daga arewa, sai na iske sun kewaye ginshiƙin suna goga jiki, rana kuma tana dukan akwatin kamar za ta narka shi. A wurinmu duk abu mai daraja inuwa ake kai shi, cikin shinge. Na tara dattawa huɗu, muka kwance faifan da akwatin da allon, muka ɗora a amalanke. Muka kafa su a harabar lakwal, ƙarƙashin babban gawo, muka koma gefe muna yaba wa kanmu. Garin neman gira muka rasa ido, kuma ni na ja gaba.

Ranar da Na Allah ya dawo ya ga ginshiƙin tsirara, bai yi faɗa ba. Zama ya yi a ƙasa. Kwana biyu bayan haka mota ta iso da injiniyan masu binciken, Abdurrahamane, da jandarma biyu da sojan da ke riƙe da Tasawa ya haɗo shi da su. Injiniya ya ce a na'urarsu Garin Dikko ya yi tsalle taku ɗari uku a yini ɗaya, kuma awon shekara shida ya tsinke, don ko an mayar da faifan ba zai koma daidai gurbinsa ba. Ɗaya jandarman ya ce ɓarnar kayan gwamnati ce, wa ya aikata?

Dattawan suka dube ni. Ni kuwa na dubi takalmina. Ma'aikacin gwamnati ne ni, a lokacin da takarda ɗaya ke iya jefa mutum ƙarshen hamada, ko gidan kaso.

"Ni na sa," in ji Na Allah. "Na ce in ba ni nan su kai shi inuwa."

Ya kwana uku a tsare a Tasawa. Aka karɓe makullin aka ba wani ɗan birni da ke zuwa da babur sau ɗaya a wata, aka rubuta a takarda cewa Na Allah ya lalata kayan bincike. Da na je masa sannu, Furera ce ta tare ni a bakin zaure, tana dafa bango don bai wuce mako da sallamarta ba.

"Mushe," ta ce, "kai da ka iya rubutu, ashe ba ka iya magana ba?"

Ba ta sake gaishe ni ba har ta koma ga Mahaliccinta bayan shekara biyu. Kullum ina cewa gobe zan je in roƙe ta gafara. Wannan ciwon yana nan tare da ni, kuma na cancance shi.

Shi kuwa washegarin dawowarsa ya koma bakin ginshiƙin da aka mayar wa faifansa. Babu makulli, babu suna, babu mai aike shi. Shekara goma sha huɗu awon Garin Dikko bai sake tsinkewa ba, yabon kuma yana tafiya ga mai babur. Na taɓa tambayarsa dalilin da ya ɗauki laifina. Ya ce, "Mushe guda garemu a garin ga. In sun tahi da kai, wa za ya buɗe lakwal? Ni ko an tsare ni, gero bai sani ba."

Baba Na Allah, dogon haƙuri, rumfar da ta sha rana don wani ya sha inuwa. Kai ne ka koya mini cewa amana ba makulli ba ce. Na gode, a madadin ɗaruruwan da suka yi karatu a ajin da ka hana a rufe. Ku kuma masu karatu, in an ba ku abu tsaro, ku tsare shi yadda mai shi ya ce. In kun yi kuskure, ku faɗa tun masu yafewa suna raye.

Bara na yi ƙarfin hali na rubuta wa ofishin masu binciken, na zayyana gaskiya, na roƙa a wanke sunansa. Amsa ta zo cewa an rufe waccan magana tuni, babu mai ikon gyara tsohuwar takarda. To, ga gyaran nan a inda hannuna ya kai, kowa ya shaida: Na Allah bai taɓa faifan ba. Ni, Rabo Salifu, ni na kai shi inuwa.