Yau na yi takwara da ordinatar

Salamu alaikum ƴan uwa, yau a tsakar gidana nan unguwar Lazare aka yi ma ordinatar, wato kwamfuta, sabuwar zuciya!

Kun san yadda bana take. Damina ta makara, zafi ya hana sakat, sojoji na bisa mulki, kuran kuma, wato wutar lantarki, sai ya ga dama. To ɗiyata Rabi gobe za a yi mata tambayoyin neman aiki ta bidiyo, ga tsohuwar ordinatar ɗinta ta ƙi gane kamera. Ta ce, "Inna, zuciyarta, wadda ake ce ma nuwayo, ba ta san kamerar ba. Sabuwa zan haɗa mata daga tushe."

Ta zauna tana zaɓen abin da zai shiga kamar mai tsintar wake, sannan ta danna. Sai rubutu ya yi ta kwarara! Duk karatun da na yi a ajin yaƙi da jahilci, ko kalma guda ban kamo ba. Can zafi ya kashe ordinatar ɗin. Rabi ta ce, "Inna, don Allah mafici!" Na yi ta fifita ta kamar jaririya har la'asar. Maƙwabciyata Hajiya Zali ta leƙo ta ce, "Hassana, barka, yaushe ne suna?"

Aka sake kunnawa. Fuskar Rabi ta fito tar! Ta nuna min wani layi ta ce, "Inna, karanta." Na haɗa baƙaƙen a hankali. Hassana! Ikon Allah, sunana ta sa ma sabuwar zuciyar.

Gobe da safe zan kai ma Hajiya Zali goron suna, in dawo in zauna kusa da takwarata da maficina.